Rakiyar Ɓera a Tayuri

Ɓeran ya fara shigo mana ɗaki a watan da Yaya ta rasu. Ita nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. A waya aka gaya mini, ina cikin wanke-wanke a gidan Larabawan da nake wa aiki a unguwar Sukra, aka ce har an kai ta. Na ce Allah ya ji ƙanta, na ƙarasa ɗauraye kwanukan. Ban yi kuka ba ranar, ban yi washegari ba. Na yi ta jiran ya zo, shiru. Abin har ya soma ba ni tsoro, a ce 'yar'uwarki ta mutu, ke kuwa kina cin taliya kina barci lafiya lau.

A unguwar Tayuri ɗakinmu yake, bulo ne tsirara ba filasta, ni da wata Bakanuwa mai sayar da abinci da nake kira Gwaggo. Da ɓeran ya huda mata buhun shinkafa, sai ta sayo gam ɗin nan da ake shafa wa kwali. Na taɓa ganin ɓera a kansa, yana tsuwa yana jan ƙafa har fatar ta saɓule.

Na ce, "Gwaggo, don Allah kar ki sa."

"To 'yar nan, ɗan'uwanku ne daga Damagaram?"

"Ki bar mini shi zuwa Juma'a."

"Juma'a ta wuce, wallahi gam zai sha."

A gidanmu ba a kashe ɓera. Kakarmu ta ce shi ma abincinsa ya zo nema, bai san na wani ba ne. Ƙwarya ake kifewa, a tokare ta da tsinke, a ɗaura ƙuli-ƙuli. In ta rufe shi sai a zura faifai ta ƙasa, a ba yara su kai shi bayan gari. Ni da Yaya mu ne 'yan rakiya. Ita ke riƙe ƙwarya tana ba da waƙa, ni ina amshi. Waƙar kuwa shirme ce zalla: wai Malam Ɓera ya tafi cin kasuwa a kan fara, ya manta wandonsa a rumbu, surukarsa ta ɗinka masa hula da ɓawon gyaɗa. Kullum sai ta ƙaro sabon shirme. Ni amshina ɗaya ne: "A gai da gida, mai gashin baki!" Ba a ɗaga ƙwarya sai an ba da waƙa an amsa. Yaya ce ta kafa wannan doka, kuma ba ta wasa da ita. Ran da na yi fushi na ƙi amsawa, sai da ta shanya mu a rana, ni da ɓeran.

Nan babu ƙwarya. Na kife robar wanki, na tokare da cokali, na sa guntun dabino. Da safiyar Juma'a na ji yana karce robar. Na zura kwali, na ɗauka, na wuce garken awakin maƙwabta, na wuce gidajen ƙarshe, har inda ake yar da matattun motoci. Ban ji komai ba a hanya, sai nauyinsa yana komawa gefe da gefe.

Na ajiye, na tsuguna, na dafa robar. Ban ɗaga ta ba. Sai can na gane jira nake yi Yaya ta fara ba da waƙa.

Na gwada da kaina. Fara tana nan, wando yana nan, amma yadda ake haɗa su, da inda murya ke hawa, babu. Shekara da shekaru ina jin waƙar ban taɓa koyonta ba. Me zai sa in koya, ga mai ita a gabana?

Rana ta soma zafi, robar ta ɗau ɗumi, shi kuma ya rage motsi. In na ci gaba da jira, ni zan kashe shi. Sai na buɗe baki na yi abin da na iya.

"A gai da gida, mai gashin baki."

A kan "gida" muryata ta karye. Na ɗaga robar. Ya ɗan tsaya yana shinshina, sannan ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar taya. Nan kukan ya same ni, a gaban matattun motoci. Ɓeran ya daɗe da tafiya ina nan tsugune, ina ta amsa waƙar da ba wanda ya bayar.