Silifas ɗin Mbah Muhtarom

Shekara goma sha tara ina buga takardu a ofishin wata ƙaramar kwalejin Musulunci a bayan garin Kediri, kuma wallahi ban taɓa ganin mutumin da takarda ta tsana kamar Mbah Muhtarom ba (Mbah dai haka muke kiran dattijo a nan). Fiƙihu yake koyarwa tun kafin a ɗora wa ginin bene. Da asuba yana gonar shinkafarsa, ƙarfe bakwai yana aji, ɗaure da zane, da baƙar hular da ta koɗe, da silifas na roba da ya yi wa tsaga a dunduniya don kada a musanya masa a masallaci. Da ya tuɓe su a ƙofar aji ɗalibai ke rige-rigen juya masa su su fuskanci waje, don neman albarka. Na taɓa raba faɗan ƙarti biyu masu gemu a kan silifas ɗin nan.

Sai Allah Ya kawo mana sabon shugaba, Dakta Fathurrozi, mai takalmi kamar madubi. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki: masu tantance makarantu na tafe daga Jakarta, in suka sauke mana daraja iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Ya kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ofis, ya fito da takardar awon malamai: zuwa aiki maki kaza, rubutu a mujallar ilimi maki kaza. Duk wanda ya kasa sittin, a ƙarshen zango za a karɓe ajinsa.

To fa, noma ya riga ya cinye zanen yatsun Mbah. Kullum shi ke fara zuwa, ya gwada yatsu goma, ya hura musu iska, ya goga a goshi, ya yi bisimilla, shegiyar na'ura ta ce a sake gwadawa. A takarda dai bai taɓa zuwa aiki ba. Da aka tambayi rubuce-rubucensa ya kawo wani kundi na rabon gadon mutanen ƙauye. Shugaba ya ce wace mujalla ya shiga? Mbah ya ce bai san mujalla ba, amma ya taɓa shiga gidan dagaci, ɓera ma ya ci kaɗan. Maki ashirin da uku ya samu, kuma ni na buga da hannuna ina ƙunƙuni.

Bai yi ƙorafi ba. Ya dai tsaya a gaban teburina yana juya hula a hannu, ya ce, "'Yata, in an karɓe ajin, ƙarfe bakwai ina zan je?" Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Ranar da baƙi suka iso, shugaba ya sa na kai Mbah wani ɗan ɗaki a bayan ɗakin karatu, wai ya jera tsofaffin littattafai, aka dire masa kofin gahawa da soyayyen tempe, wato awarar waken suya irin tamu. Ɓoye shi aka yi, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ya tuɓe silifas a ƙofa kamar kullum, ya shige. Mun share harabar nan, mun yi fenti, mun aro tukwanen fure, amma ba wanda ya tuna da silifas.

Jagorar baƙin wata Farfesa Maesaroh ce, mace mai ɗaure fuska, ko kallon kayan ƙwalamar da muka jera ba ta yi ba. Bayan azahar muna zagayawa da ita, shugaba na ta zuba kamar kanya, sai ta ja ta tsaya. Ta ƙura wa tsagar nan ido. Kafin mu ankara ta sunkuya da tsadaddiyar rigarta ta juya silifas suka fuskanci waje, sannan ta ƙwanƙwasa, ta durƙusa a bakin ƙofa.

Mbah ya leƙo ta saman tabarau. "Saroh? Ba ke ce mai gyangyaɗi a layin baya ba?"

Ta tambayi abin da yake yi a wannan lungu. Gumi ya keto wa shugaba. Mbah ya ce ai Pak Rektor, wato shugaba, shi ne ya karrama shi, ya san ba mai iya jera littattafan nan sai shi.

Kada ku zaci ta yi mana alfarma. Darajarmu ta da ta bar mana, ba ƙari, ta kuma wanke mu tas a kan rufin da ke yoyo. Sai da za ta shiga mota ta nemi takardar awon Mbah, ta duba layin rubuce-rubuce inda na buga sifili, ta zaro biro ta rubuta sunanta a wajen, ta miƙa wa shugaba.

Washegari ƙarfe bakwai na ga takalmin nan mai ƙyalli a ƙofar ajin fiƙihu. Shugaba na layin baya a zaune har aka tashi. Ɗalibai kuwa, 'yan ƙeta, suka juya silifas, suka tsallake takalmi kamar ba su gan shi ba. Mbah ya fito, ya dafa gwiwarsa mai ciwo, ya sunkuya ya juya wa shugaba takalminsa. Dakta Fathurrozi ya tsaya da safa yana kallonsa.

Ajin yana nan a hannun Mbah. Na'ura har yau ba ta san shi ba, don haka kullum da safe shugaba da kansa ke sa masa hannu da biro.