Zaharadeen, Ka Koya Mini Osaka Ban Je Ba

Zaharadeen ya rasu. Ɗana na fari. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, a birnin Osaka na ƙasar Japan. Ya yanke jiki ya faɗi a filin da suke loda injinan tsofaffin motoci a kwantena, aka kai shi asibiti, kafin la'asar ta can rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na Roni da Kazaure da Babura da Gwiwa. Ni ne Ashiru Ɗan'azumi. Ku yafe mini da na sa labari a gaban sallama. Waɗanda suka san gidanmu sun san ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma zama da shi a tabarma ɗaya mu yi hira. Ƙanwata Mairo ce ta raine shi tun daga yaye. “Yaron nan” nake ce masa har gemunsa ya fara fari. Yau ne sunansa ya fara fitowa daga wurina, shi ma a rubuce.

Zaharadeen, rubutun ma naka ne. Kai ka sa Mairo ta dame ni har na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma a firamaren garinmu, ina da shekara hamsin da wani abu. Ba ka taɓa tambayata ko na iya ba. Mairo kake tambaya.

Tun da aka ji labari, mutanen da ban sani ba suke zuwa ƙofar gidana. Kowa da abin da ka yi masa. Sun ce duk Bahaushen da ya sauka Osaka, ɗan kasuwa ne ko ɗalibi ko mai yawon buɗe ido, lambarka ake ba shi tun daga Kano. Kai kake tarbarsa a filin jirgi, ka saya masa katin shiga jirgin ƙasa, ka nuna masa yadda ake ɗora shi a ƙofa ta buɗe. Kai kake nuna masa ɗakin salla, da gidan abincin da ba a zuba giya a miya, ba a dafa romo da ƙashin alade. Lauwali na Babura, mai sayo injina, ya taɓa gaya mini zuwansa na farko ya manta jakarsa a jirgin ƙasa, da fasfo da komai a ciki. Ya zauna a dandamalin tasha ya dafe kai. Ka ce masa, “Tashi, Alhaji, nan ba a kuka da wuri.” Ka kai shi ofishin tashar, kuka yi bayani, washegari aka miƙo masa jakarsa ko zif ba a taɓa ba. Ya ce da ya so yi wa ma'aikacin ihsani, ka riƙe hannunsa, ka ce a can kunyata mutum ake yi da haka, sunkuyar da kai kawai ake yi.

Ka sha aiko mini cewa in zo in ga inda kake. Ban je ba. Uba ba ya ɗaukar jaka ya tafi gidan ɗansa na fari ya zauna, kowa ya san haka, kai ma ka sani. Da ka auri 'yar ƙasar, wadda muke kira Amarya don sunanta ya fi ƙarfin bakinmu, addu'a na aika.

Sai bara da kaka Allah ya ba ku 'ya mace, ka sa mata sunan mahaifiyarka, Halima Sa'adiyya. Ranar ban zauna ba. Na yanka rago a nan bayan wanda kuka yanka a can, na hau acaɓa har Kazaure ina nuna hotonta ga duk wanda ya tsaya gaishe ni. Tsakanin kaka da jika babu kunya. Na ce wa Mairo, “Gaya wa yaron nan ina zuwa. Ba wajensa za ni ba, wajen matata za ni.” Ta ce ka yi dariya har wayar ta faɗi daga hannunka.

Daga nan karatu ya fara. Na je Dutse na yi fasfo. Kullum Juma'a da hantsi kake bugo wa Mairo, ta ƙara murya, ni ina gefe kamar ba ni ake nufi ba.

“Goggo, ki gaya wa Baba a jirgin ƙasa ba a gaisawa. Kada ya shiga da sallama da ƙarfi, ya bi mutane yana miƙa hannu.”

“Mairo, tambaye shi, gaba suke yi da juna?”

“Ba gaba ba ce, Goggo. Kowa gudun damun ɗan'uwansa yake yi. Ko waya ba a amsawa a ciki. Kuma ki ce masa ya bar butarsa a gida, bayan gidansu yana da maɓallin ruwa.”

“Ki ce masa butar nan ta je Makka, Japan ba ta fi ƙarfinta ba.”

Ka ce kada in zo da kilishi, ba a shiga musu ƙasa da nama. Ka ce in riƙe 'yar leda a aljihu, domin sai a yi tafiya mai nisa ba a ga kwandon shara ba, kuma ba a tofar da goro a titi. Ba a taya kaya a kanti. Ba a taɓa ƙofar tasi, da kanta take buɗewa. A matakala mai tafiya da kanta, mutanen Osaka dama suke tsayawa su bar hagu ga masu sauri. Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa, na ce wannan mun riga su. Fasfo kullum yana jikina. Idan waya ta yi ƙara mai tsanani, ƙasa ce za ta motsa, in kare kaina in nisanci gilashi, kada in ruga. Na haddace su kamar yadda na haddace baƙaƙen boko. Muka tsayar da tafiya bayan Ƙaramar Salla, ka ce lokacin sanyi ya wuce, itatuwansu sun yi fure.

Da ka faɗi, Lauwali yana can. Mutanen ƙasar ƙona gawa suke yi, haka iyayen Amarya suka ɗauka za a yi maka. Ita ta tsaya, tare da mutanen masallaci, ta ce ka gaya mata yadda ake yi wa Musulmi. Aka yi maka wanka da sutura da salla, aka kai ka wata maƙabarta a kan tudu, nesa da birnin. Ranar Alhamis aka sa ka a makwancinka. Allah ya saka mata.

Yanzu ga inda nake. Takardar gayyatar da zan nemi biza da ita, kai ne za ka aiko. Amarya za ta koma garin iyayenta, can arewacin ƙasar, inda Lauwali ya ce ko shi bai san Bahaushe ɗaya ba. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, duk maganar da muka taɓa yi ta bakinka ta bi. Na san gefen da zan tsaya a matakala. Ban san yadda zan ce mata ta miƙo mini jikata in ɗauka ba. Ba na neman a raba 'ya da uwarta. Amma wa zai koya wa Sa'adiyya Fatiha? Wa zai gaya mata akwai wani gari Roni, akwai tsoho a cikinsa da ya yi ta yawo da hotonta? Mutane suna ce mini in ta girma za ta nemo mu. Na haura saba'in. Ina amsa musu da amin, don kada su ji nauyi.

Allah ya jiƙanka, Zaharadeen. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka a wannan ƙasa mai nisa. Yadda ka tarbi baƙi ba ka bar su sun ɓata ba, Allah ya sa mala'ikun rahama su tarbe ka. Ina yi wa mahaifiyarka ta'aziyya, wadda ita ma ba ta taɓa kiran sunanka ba, da Mairo da ta goye ka, da ƙannenka, da abokan sana'arka, da Amarya, ko da wannan ba zai kai gare ta ba. Allah ya raya Sa'adiyya a kan addinin ubanta.

Lauwali zai baro Japan mako mai zuwa. Kafin ya taso ya roƙi Amarya, ta yarda ranar Juma'ar nan da hantsi za ta ɗaga yarinyar a gaban wayarsa mu gan ta tana motsi. Bayan ya dawo babu mai sake haɗa mu. Mairo za ta kawo wayarta zauren gidana, za a shimfiɗa tabarmi har waje. Maza da mata, na kusa da na nesa, ku zo. An ce ta fara dariya. Ku zo ku gan ta, ku taya ni kallo, idona ba shi da ƙarfi.