Maɗorin da Ya Nemi a Kai Shi Asibiti

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Baba makwancinsa a Dingyaɗi, amma wallahi har yau in na tuna gwiwarsa ta dama sai raina ya ɓaci. Na so in bar maganar. Wata jikarsa mai karatun aikin jinya ce ta tayar mini da ita, da ta ce likitoci na gwajin wata allura da za a riƙa yi cikin gaɓa da zarar mutum ya karye a gwiwa, don kada amosanin gaɓoɓi ya biyo baya. Wai ƙashi kan haɗe, amma kumburin kwanakin farko shi ke cin guringuntsi a hankali. Na ce mata kakanta ya san haka tun ba a haifi uwarta ba, allurar ce kawai bai riska ba.

Baba maɗori ne, gadon gidanmu ke nan. Daga Boɗinga har Lambara, duk wanda ya karye a ƙofarmu ake sauke shi. A durƙushe yake aiki: ya danne cinya da gwiwarsa, ya ja, ya saita, ya jera kara ya ɗaure. Ƙa'idarsa guda ce. In ya shafa ya ji karaya ta shiga cikin gaɓa, ba ya ɗorawa, asibiti yake turawa.

Zamanin Jamhuriya ta Biyu, lokacin da aka fara tsuke bakin aljihu, wani raƙumi da ake wa lodin albasa ya harbe shi a gwiwa. Ina koyarwa a garin Shagari aka aiko mini. Na tarar da dangi cike da zaure, kowa na cewa abin kunya ne a ga maɗori a asibiti, wa zai ƙara kawo mana ƙafa? Baba ya shafa gwiwar da kansa, gumi na tsatso masa, ya ce, "Wagga ba tamu ba ta. Ku kai ni ga likita."

Ni da ƙannena biyu muka kai shi birni a bayan akori-kura. Kwana biyu muna kan benci, ba fim ɗin hoton ƙashi, ba filasta. Wannan na yafe, kowa ya san halin da ƙasa ke ciki. Abin da ban yafe ba, wani ma'aikaci ne da ya gane shi, ya kira abokansa yana dariya, wai ga mai gyaran ƙafafun mutane ya kasa gyara tasa, ya koma gida mana ya ɗora kansa. Dattijon da ya yi shekara da shekaru yana turo musu masu karaya! Baba hularsa kawai ya gyara, ya ce mu tafi.

Ƙanensa ne ya yi masa ɗori. Ƙashi ya haɗe, ya taka, aka yi ta zuwa barka, shi kaɗai ne bai yi murna ba. Kafin damina ta uku gwiwar ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, ta kumbura, ta ƙi lanƙwasuwa. Ranar da aka kawo wani manomi daga Danchadi, Baba ya yi ya yi ya durƙusa ya kasa. Sai ya miƙa wa ƙanena Bello kayan ɗorin, ya shige gida. Bai ƙara taɓa karaya ba, salla ma a zaune ya yi ta har ya rasu.

Da yana raye na san zai yi murna da labarin allurar nan, don bai taɓa kishi da likita ba. Zai fara jan kunnen masu yawo da jakar allura a kasuwa, cewa abin gwaji ne tukuna, kada su ji ƙishin-ƙishin su fara soke gwiwoyin bayin Allah. Sannan zai tambaya ko za ta iso Dingyaɗi, kuma ko an koya wa mai riƙe da sirinjin yadda ake kallon mutumin ƙauye. Tambaya ta biyun nan ni ma ita ke cina.

Bello na riƙe da ƙa'idar har yau, ya ƙara mata abu guda. Duk wanda karayarsa ta shiga gaɓa, ba ya tura shi shi kaɗai. Yakan rufe zaure, ya bi shi asibiti, ya zauna kusa da shi kan benci yana zuba wa ma'aikata ido har sai an duba shi. Na tambaye shi dalili, ya ce ranar da aka yi wa Baba dariya mu uku ne a wurin, kuma babu wanda ya buɗe baki. Ni ne babba a cikinmu. Allah Ya jiƙan Baba.