Tafkin da Aka Gyara

Mai Tarwaɗa ake ce masa, har jikokinsa ba su san yana da wani suna ba. Tafkin da ya gada a bayan gida ƙarami ne, ka jefa dutse ya tsallake, amma shi ya ciyar da 'ya'ya bakwai. Ilimin tsohon ɗaya ne, ya kuwa riƙe shi gam: tarwaɗa ba ta zuba ƙwai sai ruwa ya ja baya da rani, ciyawa ta tsiro a gefe, sannan sabon ruwa ya hau kanta. A ɗan ruwan nan da bai kai idon sawu ba take shiga ta yi abinta. Kowace damina yakan tsuguna ya ga ƙananan suna yawo cikin ciyawa, hankalinsa ya kwanta.

Sai babban ɗansa, mai aikin gine-gine a birni, ya samu buɗi, ya ce zai share wa tsoho hawaye. Tsohon yana kwance a asibiti ana yi masa aikin ido, ɗan ya kawo motar haƙa. Aka kwashe kifin a durom, aka yashe tafkin, aka sare gefensa ya miƙe kamar bangon ɗaki, aka shafe da siminti. Bututu ɗaya na kawo ruwa, wani na fitar da rara. Ruwa ya tsaya cak wuri guda, rani da damina.

Ranar da aka kwance masa ido aka kai shi ya gani, maƙwabta sun cika wurin suna yabo.

"Baba, ka huta da fargabar ƙafewa," in ji ɗan, bakinsa har kunne.

"To ina za su hau?"

"Su wa, Baba?"

Matarsa ta ja masa gefen riga. "Malam, yaro ya yi ƙoƙari. Sa masa albarka mana."

Ya sa masa. Mutumin da bai taɓa jiƙa ƙafarsa a tafkin ba, shi ya zo gyara shi, kuma don ƙauna ya yi. Wannan ne ya fi ƙona wa tsohon rai, don babu wanda zai zaga.

Damina biyu suka wuce, ko ɗan tarwaɗa ɗaya tsohon bai gani ba. Ya kama wata mai ciki ya farke, ya tarar da ƙwan dam a ciki, ya soma lalacewa. Irin kifin mahaifinsa ne, kuma yanzu duk wadda aka ci ta tafi ke nan. Ya daina kamawa.

Wata safiya ya ɗauki guduma ya nufi gefen gabas, inda ciyawa take a da. Ya buga sau biyu, siminti ya ɗan tsage, sai ga matarsa da waya a hannu.

"Ɗanka ne. Wai zai kawo abokan aikinsa su ga tafki."

Ya daɗe yana kallon tsagar, sannan ya ajiye gudumar ya karɓa.

"Baba, ya tafki?"

"Lafiya lau," ya ce. "Cike yake."