Ranar da Muka Koma Ƙwallon Fata

'Yan Pakistan da 'yan Indiya masu aiki a sito-siton Khumra ne suka fara wasan kurket ɗin nan, wanda ake jefo ƙwallo a buge da sanda, a nan ƙasa mai tsarki. Da fari ƙungiya biyu ce, masu lodi da masu gyaran inji, kowace Juma'a da safe a filin bayan sitonmu, da ƙwallon tanis naɗe da salatif. Ni direban sito ne, Bahaushe ni kaɗai. Da kallo na fara har suka miƙo mini sanda. Da unguwannin Nuzla da Sa'alaba suka kawo nasu ƙungiyoyin sai aka naɗa kwamiti, kowace unguwa dattijo ɗaya. Kwamitin ya ce tunda abin ya zama gasa, a koma ƙwallon fata, mai tauri kamar dutse.

Ranar farko kyaftin ɗinmu, wani ɗan Pakistan mai furfura, shi ke riƙe da sanda. Ƙwallo ta daki ƙasa ta taso ta same shi a gindin kunnen hagu. Ya zube, jini na tsiyaya. Kowa ya san iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, bai sabunta ba. Wasu suka fara sulalewa don gudun 'yan sanda.

Dattijon Nuzla ya damƙi hannuna. "Ɗana, kai ke da mota. Yalla, mu kai shi asibiti."

"Baba, tawa iƙamar ta direban gida ce, ba ta sito ba. In aka tsayar da mu fa?"

"In ya cika a nan fa?"

Na tada mota. Dattijon na baya, ya tallafe kan kyaftin yana salati. Kafin asibiti muka iske shingen 'yan sanda. Na ga kaina a jirgi an mayar da ni gida, matata da yara suna Nuzla ba su sani ba. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga jini.

"Wuce, wuce! Maza!"

Ko a asibiti, duk mai kaki da ya gifta sai na sunkuyar da kai. Da azahar likita ya ce zai tashi, amma kunnen ba zai ƙara ji ba.

Kwamiti ya zauna a satin. Ba mai riƙe sanda sai da hular kwano, kuma ba a fara wasa sai da mota tsaye a bakin fili. Na shekara ban iya tsayawa gaban mai jifa ba. Kyaftin kuwa, bayan kafilinsa ya gyara masa takardu, ya dawo alƙalin wasa. In za ka yi masa gardama sai ka zagaya ta damarsa.