Itatuwan Mma Ebangha Bakwai

A Okarim, ƙauyenmu, ba a tambayar mace inda itatuwanta suke. Tambaye ta shekarunta, ko abin da ya haɗa ta faɗa da mijinta, za ta gaya maka har da ƙari. Amma inda take tsinto mangwaron daji, wanda ake fasa ƙwallonsa a ciro ogbono na kaɗa miya, ko fasto ne ya tambaya sai ta nuna masa yamma alhali gabas ta nufa. Wadda ta fara share gindin itace, nata ne, daga ita sai 'yarta.

Mma Ebangha yayar mahaifiyata ce. Gajeriya ce mai kaurin wuya, tafin hannunta ya rine da ruwan mangwaro tun kafin a haife ni. Tana da shekara goma sha biyu uwarta Manyo ta ja ta zuwa cikin gandun dajin gwamnati, inda ba a taɓa yin hanyar mota ba, ta nuna mata itatuwa bakwai a hayin kogin Bakut. Kowa ya san Bakut ba ya ƙetaruwa, domin tsakanin duwatsu masu zurfi yake gudu, sai dai a bi gadar igiya can ƙasa, tafiyar yini guda. Amma Manyo ta san wani mashigi inda falalen dutse ya kwanta a ƙarƙashin ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, ruwan iya gwiwa. Ta sa Ebangha ta dafa dutsen ta rantse cewa bakinta ba zai taɓa ambatonsa ba.

Da waɗannan itatuwa ta rayu. Mijinta, manomin koko, ya mutu ya bar ta da 'ya'ya uku, duk maza. Da ogbono ta ciyar da su, da shi ta kai su makaranta. Shekara arba'in da ɗoriya, duk damina, tana fita da kwando da adda, ta bi ta bayan coci kamar mai zuwa gonar rogo, sai ta ɓace.

Da yake gandun na gwamnati ne, malaman daji kan ƙwace kwandon duk wadda suka kama. Saboda haka matan Okarim suka ƙware a jumla guda: "Ni? Daji? Me na ajiye a can?" Ebangha ce gwanarsu. An taɓa tare ta da kwando cike a ka, ta ce a hanya ta tsince shi, mai shi take nema.

Sai wata shekara labari ya zo cewa wani kamfani ya nemi izinin yankan katako a gandun. Doka ta ce sai an fara bincika abin da aikin zai yi wa daji da mutanen da ke ci a cikinsa. Mazan gari ba su ɗaga hankali ba. Ntufam Oru, dagacinmu, dariya ma ya yi.

"Kamfani biyu sun zo a zamanin ubana," in ji shi. "Duk Bakut ya kore su. Katafila ba ta da fukafukai."

Masu binciken suka zo a mota uku, suka tsaya a filin firamare inda hanya ta ƙare. Shugabansu farin takalmi ne a ƙafarsa, yana tafiya yana tsallake taɓo kamar mai gudun kashin kaji. Ya hangi bakin daji daga tagar aji, ya ɗauki hoto. Shi ke nan shigar da suka yi. Aka tara mutane, ya buɗe takarda.

"A cikinku wa ke shiga gandun nan neman abinci ko magani?"

Ga wani malamin daji zaune kusa da shi yana kaɗa ƙafa. Ebangha ce ta fara magana.

"Mu? Daji? Ɗana, me muka ajiye a can?"

Mata suka ɗauka baki ɗaya, har da masu rantsuwa. Aka raba shinkafa da lemon kwalba, aka ce duk wanda ya karɓa ya dangwala yatsa a takarda. Kafin hadari ya sauko motocin sun juya. Matan suka koma gida suna tafawa, wai sun yi wa 'yan birni wayo.

Bayan wata huɗu rahoto ya iso gidan Ntufam, kaurinsa kamar matashin kai. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, Tica Eyong, shugaban firamare, ya riƙa karantawa yana fassara wa jama'a. Wai dajinmu cike yake da itatuwan bakin teku. Wai akwai ƙaguwa, kuma sana'ar mutanen yankin kamun kifi ne da kwalekwale.

"Kwalekwale?" in ji Ayamba, ƙawar Ebangha tun suna 'yan mata. "Tica, duba da kyau, a wane shafi aka ajiye nawa? In je in ɗauko!"

Aka fashe da dariya. Tica ya ce a shafi na arba'in ma an manta ba a goge sunan wani gari na bakin teku ba, da alama rahoton can aka kwafo aka sauya bango. Dariyar ba ta daɗe ba. Ya karanto inda aka ce babu mahalukin da ke amfani da gandun, bisa shaidar mutanen Okarim da bakinsu. A ƙarshe ga sunayensu da yatsunsu, a ƙarƙashin kalmar "mun amince".

"Amincewar shinkafa!" Ayamba ta tofar da yawu. "Shinkafar ma ko nama babu!"

Abin da ya fi ci wa Ebangha rai shi ne, a cikin tulin ƙaryar nan layi ɗaya ne kawai ba su ƙirƙira ba, kuma daga bakinta ya fito. Ta matsa ta dubi taswira. Ba ta iya karatu ba, amma ta san lanƙwasar Bakut kamar yadda ta san gwiwar hannunta. Wurin da aka shafa wa kore za a fara yanka, itatuwanta na tsakiyarsa.

Tica ya rubuta ƙorafi. Bayan mako shida aka turo wata matashiya daga Kalaba, Madam Ikwo, ta duba gaskiyar maganar. Ita da takalmin roba ta zo, ta zauna a tabarma, ta ci tuwon rogo da hannu. Ta ce rahoton farko abin kunya ne. Ta ce doka ta hana a taɓa itacen da aka tabbatar mutane na ci daga gare shi, amma sai an gan shi da ido, an sa shi a taswira. Ko mace ɗaya ce ta kai ta, ya isa.

Kwana uku Ebangha tana juya maganar. Ayamba ta same ta a bayan ɗaki tana fasa ƙwallo.

"Na ga take-takenki, gajeriya. Kada ki soma."

"To in zauna su sare?"

"Ta ina za su bi su sare? Kin ji Ntufam. Ki bar kaza cikin gashinta."

"Waɗancan kamfanonin na da ne. Na yanzu ba ki san abin da suka taka ba. Ni na ce ba ma shiga, Ayamba. Da bakina na ba da su, da ƙafata zan karɓo."

"Uwarki fa? Rantsuwar fa?"

"Uwata itatuwa ta bar mini, ba kututture ba."

Da safe suka kama hanya su uku: ita, Madam Ikwo, da wani dogon mutum da kamfanin ya haɗo su da shi, wai mai zanen taswira. Yana riƙe da 'yar na'ura kamar waya, duk taku kaɗan sai ya danna. Ebangha ba ta taɓa bin hanyar nan da kowa ba tun rasuwar Manyo. Duk reshen da ta ɗaga musu su wuce, ji take kamar zaninta take kwancewa a kasuwa.

Da suka iso Bakut ta tattare zani ta shiga, ta ƙetare kamar mai tafiya a tsakar gida. Dogon mutumin ya tsaya baki buɗe. Ya shiga, ya buga dutsen da diddige. Ya sari sanda ya auna zurfi nan da can. Ya taka faɗinsa yana ƙirgawa, ya koma, ya sake takawa. Har da ɗan fito.

"Mama, da rani ma haka yake?"

"Da rani ko idon sawu ba ya kaiwa," in ji ta, har da ɗan alfahari. Daga baya ta ce da ma harshenta ya karye a lokacin.

A gindin itatuwan kuwa bai yi minti goma ba. Ya danna na'urarsa sau bakwai, ya ɗauki mangwaro ɗaya ya gatsa, ya yamutsa fuska ya jefar. Madam Ikwo ce ta zauna ta rubuta komai. Ebangha ta gabatar mata da su ɗaya ɗaya: ga Mai Gaggawa da ke riga kowa zubarwa, ga Marowaciya mai tsallake shekara, ga wadda giwa ta taɓa goga wa baya har yau da tabon. Ta nuna mata yadda ba a girgiza su, sai ɗa ya nuna ya faɗo da kansa. Madam Ikwo ta kama hannunta biyu.

"Mma, na yi miki alkawari ba wanda zai taɓa su."

Ba ta yi ƙarya ba. Sabon rahoto ya fito, an cire ƙaguwa da kwalekwale, an sa shafi guda a kan itatuwa bakwai da za a kiyaye, har da hoton Ebangha. Tica na karantawa ana tafi. Sai ya buɗe sabuwar taswira. Wani jan layi ya taso daga bayan coci, ya bi ta inda take bi, ya kauce wa fadamar da take kauce wa, ya ratsa Bakut daidai kan dutsen Manyo.

Ntufam Oru ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya ɗago.

"Ebangha, wa ya ba katafila fukafukai?"

Da rani suka zo. Ko gada ba su gina ba, tsakuwa kawai suka zuba a kan dutsen. Cikin shekara biyu hayin Bakut ya koma fili, sai kututture da jan taɓo da warin baƙin mai. Itatuwan Ayamba, da take kai musu ta gadar igiya, sun tafi, haka na sauran mata, tunda su ba a sa su a taswira ba. Ayamba ta daina gaishe ta. A coci mata suka riƙa barin tazara tsakaninsu da ita a kan benci.

Bakwai ɗin suna nan. An zagaye kowanne da jan fenti, an kafa allo a bakin hanya mai ɗauke da sunanta da na kamfanin, wai shaidar kula da muhalli. Allon ne ke nuna wa kowa wurin. Direbobin katako da 'yan acaɓa kan tsaya su yi ta jifa da sanduna, su kaɗo 'ya'yan tun suna ɗanyu, waɗanda ba su so kuma, su bar su nan su ruɓe. A gindin Mai Gaggawa ake fitsari. Sau ɗaya Ebangha ta je ta gani. Ta dawo ta wanke ƙafafunta da sabulu har sau uku, ta rataye kwandon a saman murhu, yana nan har yau ya yi baƙi da hayaƙi.

Madam Ikwo ta dawo wata rana, ta durƙusa a ƙofar ɗaki, idonta ya ciko.

"Mma, ban san abin da ya kawo mai taswirar nan ba. Ki yarda da ni."

"Na yarda, 'yata. Ke ce ma abin ya fi ba ni haushi a kanki. Mai farin takalmi ya zo da ƙarya, bai samu komai ba. Ke kika zo da gaskiya, sai suka ɗora kayansu a kanki. Tashi, kada ki ɓata gwiwarki."

Ba ta ƙara cin miyar ogbono ba. In an dafa a gidan, sai ta ɗauki kujerarta ta koma inda ƙamshin ba ya kaiwa.

Da yake ba ta haifi mace ba, ni ya kamata ta nuna wa hanya, kamar yadda Manyo ta nuna mata. Bara da na gama sakandare na tuna mata. Tana ɓare gwaza, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wace hanya kuma? Je ki bayan coci ki tari acaɓa, ki ce ya sauke ki wajen allo. Ki sa takalmi mai rufi, wurin duk ƙazanta ne."