Mai Tayar da Gwaggo Ya Kwanta

Ku tsaya in yi muku kacici-kacici, ko da yake yau ba ranar wasa ba ce. Wace tsohuwa ce kullum ta farka sai ta tambayi yau wace rana, kuma ba ta taɓa aikin komai sai an gaya mata gaskiya?

Ku riƙe amsarku. Waɗanda suka san ni za su ce ni ce. Ba ni ba ce.

Da safen nan labari ya iske ni. Ina tsakar gida ina kwaɓa garin ɗanwake, waya ta yi ƙara, na ɗauka da hagu don hannun dama duk kuka ce da kanwa. Matarsa ce, Hajiya Luba. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya Kulu, Altine ya tahi."

Na ce, "Ya tahi ina? Yau Alhamis, gidana zai zo."

Ta ce, "Allah ya yi masa rasuwa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Altine ne mai gyaran kwamfuta na Ƙofar Kware. Taubashina ne. Uwarsa ƙanwar babana ce, shi ɗan mace, ni ɗiyar namiji, don haka tun muna yara bawana nake ce masa. Ya yi furfura, ya yi jikoki, ya je Makka ya dawo da haƙorin hajji, ban canja masa suna ba. Shi kuma in ya shigo gidana sai ya ɗan rusuna ya ce, "Ranki shi daɗe, an ci an bar wa bayi?"

A ɗakina na unguwar Gawon Nama akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, farinta ya koma kalar man shanu. Gwaggo nake ce mata, sunan da nake kiran uwarsa, don su biyun ba sa tashi sai an lallashe su. Da ita nake buga wa matan makarantarmu ta tsofaffi addu'o'i da karatu da ajami, manyan baƙaƙe irin na allo, waɗanda mai hazo a ido za ta iya bi da yatsa. Jikokina sun gwada ɗauke aikin zuwa kwamfutocinsu na cinya. Sai akwatuna-akwatuna suka fito a madadin baƙaƙe. Shirin da ke buga ajamin nan ba ya zama ko'ina sai cikin tsohon tsarin da ke jikin Gwaggo.

Kuma duk Sakkwato mutum guda ne ya san yadda ake tayar da ita.

Jibi Asabar akwai makaranta. Inna Ige, wadda ba ta ganin rubutun kowane littafi sai nawa, tun makon jiya take jiran takardarta.

Bari in koma baya kaɗan. Ni karatuna bai yi nisa ba, firamare ce sai makarantar koyon tafireta. Amma na yi sa'ar zamani. Lokacin kuɗin man fetur sun shigo, ofisoshi suna ta tsirowa, duk wadda yatsunta ke gudu an ɗauke ta aiki. Muna ɗaura ɗankwali muna taku ɗai-ɗai. Shi Altine a lokacin yana zuga wa babansa wuta a maƙera, daga baya ya koma gyaran rediyo. In na wuce ta gaban rumfarsa da jakata sai in ce, "Bawa, a goge min takalmi." Shi kuma ya ce, "Ki jira, ranar da injinki zai mutu tana nan tahe."

Bakinsa ya kama. Zamanin soja aka shigo da kwamfutoci ofishinmu, aka ce duk taifis ɗin da ba ta iya ba ta tafi gida. A wancan lokaci ba a gardama da umarni. Ina da marayu a gabana, mai gidana bai daɗe da rasuwa ba. Na zauna gaban baƙin allo, wani ɗan farin layi yana ƙifta min ido, ni ma ina ƙifta masa.

Wa aka kira ya haɗa injinan? Bawana. Ashe ya je kwas ya dawo, ban sani ba, ina can ina taku ɗai-ɗai.

Bai yi min dariya ba a ranar. Ya ajiye ta sai daga baya. Kullum in an tashi aiki sai ya tsaya ya nuna min abin da zan rubuta wa kwamfutata, wato Gwaggon nan, ta nuna min kayan cikinta, da abin da zan rubuta ta buɗe, da yadda ake sallama da ita kafin a kashe. Ya ce, "Kulu, wagga ba fitila ba ce. Kada ki fizge mata waya. Ki bari ta kintsa kayanta." Abokan aikina da yawa sun tafi gida. Ni na zauna har na yi ritaya.

Dariyar da ya ajiye ta sami ranarta. Wata rana Gwaggo ta fara haɗa rubutu da shirme, aka ce min ƙwayar cuta ce ta shige ta daga faifan wani. To ni abin da na sani, in cuta ta shiga ɗaki turare ake yi. Na zo da kaskona daga gida, na zuba garwashi, na sa turaren wuta mai kyau na Barno, na tura ƙarƙashin tebur, na lulluɓe mu da mayafi ni da ita.

A haka ya same mu.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mi kinka yi mata?"

Na ce, "Magani."

Ya ce, "Aure za ta yi?"

Hayaƙin ya danƙare a ramin da ake sa faifai, sai da ya kwance shi ya wanke da auduga. Cutar kuwa da wani faifai nasa mai tsabta ya kore ta, wanda yake ajiyewa cikin gwangwanin alewa ba ya ba kowa aro. Daga ranar har makon jiya, in ya shigo ya ji ƙamshi a ɗakina sai ya ce, "Wa ke jinya, ke ko Gwaggo?"

Da ofis suka sayi sababbi aka fitar da tsofaffin za a zubar, shi ya je ya nemi izini, ya ɗauko Gwaggo a bayan babur ya kawo min gida. Shi ya sa mata ajamin. Ya ce hannun da ya saba aiki in ya zauna ciwo yake yi.

Gyaransa abin kallo ne. Kafin ya taɓa komai sai ya kasa kunne. In ta yi ƙara sau ɗaya gajere, ya ce ta amsa sallama. In ta yi ta ƙara ba tsayawa, ya buɗe cikinta, ya zare wani ɗan allo kore, ya goge haƙoransa da magogin fensir, ya mayar. Datti kuwa da zugazugin babansa na maƙera yake hure shi, na fatar akuya, ya ce injin hura iska na zamani ƙarfinsa ya yi wa tsohuwa yawa. In an ɗauke wuta tana tsakar aiki, ba ya barin in ci gaba sai ya sa ta duba jikinta ta ɗinke inda ya yage. Wani lokaci kuma ya sa ta jera kayanta, mu zauna muna kallon ƙananan akwatuna suna komawa layi a allo. Na ce mene ne wannan? Ya ce jere take yi, kamar ɗakin amarya, tasa wajen tasa, kwano wajen kwano.

Sai batirin cikinta ya mutu. Wani ɗan batir ne da ke riƙe mata tunani in an kashe ta. Tun daga nan, duk lokacin da aka kunna ta sai ta manta komai. Ta manta ina ma'ajiyarta take, ta manta kwanan wata, ta koma ranar da aka ƙera ta, can zamanin soja. Shirin ajamin kuma in ya ga kwanan watan ya riga haihuwarsa, ba ya buɗewa. Sai an shiga wani shuɗin allo mai Turanci an tuna mata komai, an gaya mata ranar yau daidai.

Ya ce irin batirin a rufe yake cikin wata baƙar ƙwaya, kuma ya ƙare a kasuwa. Na ce ƙarya yake yi, ɗanwakena yake bi. Ya ce duka biyun gaskiya ne.

Haka Alhamis ta zama tamu. Ya zo da hantsi, ya tayar da Gwaggo, in yi bugun mako, shi yana gefe da kwano yana kushe yajina. Ya sha cewa in zo in koyi shuɗin allon. Ni kuma in ce, "Ina da bawa, in yi aikin bayi?"

Alhamis ɗin da ta wuce bai zo da babur ba. Keke mai ƙafa uku ya sauke shi. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya fito. Ya ajiye zugazugin da gwangwanin alewar a kan tebur, ya zauna a kujerar roba, ya harɗe hannuwa.

Na ce, "Tashi ka yi aikinka."

Ya ce, "Yau bayi sun yi yaji. Ke za ki tashe ta."

Na yi masa tsiya iri-iri. Na ce zan kai ƙararsa kabarin kakanmu. Bai motsa ba. Ya ce in kunna. Ya ce in danna maɓallin can na gefe da sauri kafin ta wuce. Na makara, ta tsaya tana zagina da Turanci. Ya ce kashe, sake. Na sake makara. Ya ce, "Yatsun da sunka ci kuɗin man fetur ke nan?" A karo na gaba na kama ta.

Ya bi da ni layi-layi da baki, hannunsa bai taɓa komai ba. Nan ma'ajiya, zaɓi wanda zai nemo da kansa. Nan wata, nan rana, nan shekara. Da na zo kan kwanan watan na ce bari in rage mana shekaru, mu koma lokacin da nake da haƙora. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Kulu, kada ki bar ta cikin jiya. Ko ranar ba ta yi miki daɗi ba, gaya mata gaskiya. In ba haka ba, ba ta yi miki aiki."

Ɗanwaken ranar loma biyu ya yi ya rufe. Bai ko kushe yajin ba. Da zai tafi na ce ya manta zugazuginsa. Ya ce nauyi gare shi, in ajiye masa.

Na raka shi bakin zaure na ce, "Alhamis kada ka makara, bawa."

Ya ce, "Ranki shi daɗe."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

An yi masa sutura kafin azahar. Na je Ƙofar Kware na zauna cikin mata. Al'ada ta ba taubashi damar ya yi barkwanci ko a gidan makoki, don ya sassauta wa mutane. Matan suna ta kallona, suna jiran Kulu ta faɗi wani abu. Luba ta kama hannuna ta ce ya daɗe yana jin jiki, shi ya hana a gaya min, wai zan ce ragwancin bayi ne.

Da na ce ɗin kuwa.

Bayan la'asar na dawo gida. Kwaɓin ɗanwaken yana nan inda na bar shi, ya bushe a kwano. Na shiga ɗaki na yaye wa Gwaggo zaninta. Na tuna Inna Ige da yatsanta a kan takarda.

Na kunna. Ta yi ƙara sau ɗaya, gajere. Na danna maɓallin na kama ta tun karon farko, ba kuma wanda zai ce min komai. Shuɗin allon ya fito. Na nuna mata ma'ajiyarta. Sai ga layin kwanan wata, yana nuna wata rana ta zamanin soja. A zamanin nan da take nunawa Altine yana da rai, gashinsa baƙi, yana tsaye a bakin ƙofar ofis yana tambayata ko aure za ta yi.

Wallahi na so in bar ta a can.

Ya Allah, ga Altine nan ya zo gare ka, bawanka ne kai kaɗai, ni wasa nake yi. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa duk harafin da tsohuwa ta karanta daga injin nan ya zame masa haske. Ka ba Luba da 'ya'yansa haƙuri. Ku da kuke karanta wannan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ku taya ni da addu'a. Wanda ya taɓa gyara wa abu kyauta, na san kuna da yawa, ku ƙara masa da Ƙulhuwallahu. Wanda kuma ya ɓata wa, ya yafe masa.

Amsar kacici-kacicin, Gwaggo ce. Na rubuta mata ranar yau, wata da shekara, ban rage komai ba. Ta karɓa, ajamin ya buɗe. Takardar Inna Ige tana kan tebur kusa da zugazugin, addu'ar mamaci ce da manyan baƙaƙe.